Ƙararrawar Dalmar da Zobe Mai Gurbi

Da sunan Wanda ya ɓoye ƙarfe a cikin dutse, ya ɓoye wuta a cikin gawayi, ya ɓoye nadama a zuciyar ɗan Adam sai ranar da ya ga dama ya fito da ita. Ku da kuka saba zama a bakin maƙerata kuna tambayata me ya sa ba na zuba ƙararrawa, alhali kun ji an ce babu gwani kamata daga nan har bakin teku, ku gyara zama. Yau zan faɗa, kuma ba don ku yabe ni ba.

Ni ne Jatau ɗan Ƙaura, mutumin Tudun Zuga, maƙerin fari ɗan maƙerin fari. Ina da shekara ashirin da shida, gemu bai cika ba amma girman kai ya cika ya batse, wani farke ya sauka a gidanmu ya ce a bayan Tekun Toka akwai ƙasar Nasara mai suna Barandiya, inda ake zuba ƙararrawar da ake jin amonta daga tafiyar kwana uku. Mahaifina ya yi dariya ya ce ƙaryar fatake ce. Ni kuwa maganar ta zauna mini a wuya kamar ƙayar kifi. Na ɗauki awartakina da 'yar gudumata, mahaifiyata ta zare munduwar tagulla daga hannunta ta sa mini, na kama hanya.

Na ratsa Dajin Ƙaho, inda itatuwa ke busa in iska ta taso har raƙuma su durƙushe. Na yi wata biyu a garin masu tafiya kan gwangwala, waɗanda ƙasarsu duk taɓo ce, a haifi mutum ya tsufa ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. A tsakiyar Tekun Toka, inda ruwa ke da kauri kamar kunu, jirginmu ya kafe kwana tara, matuƙa suka yi shawarar rage nauyi, idonsu kuma ya faɗa kan baƙo. Da na ga sun doso ni, sai na zare ƙusar da ke riƙe da abin juya jirgin, na jefa ta a ruwa suna kallo, na ce, "To, in kun jefa ni, wa zai ƙera muku wata?" Haka suka ci gaba da ciyar da ni suna zagina har muka kai gaɓa.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Barandiya shi ne shiru. Kowane gari da hasumiyarsa, kowace hasumiya da ƙararrawarta, amma duk an naɗe harsunansu da ciyawa an ɗaure. Na zo ƙasar ƙararrawa na tarar da bebaye.

Dalili kuwa shi ne rigimar Sarki Otmar da Paparoma Maurin, shugaban addininsu. A al'adarsu, idan za a naɗa bishop, wato babban limamin lardi, ana sa masa zobe a ba shi sanda. Tun kaka da kakanni sarki ne ke miƙa su, ga wanda ya ga dama. Paparoma ya ce a'a, hannun da ke riƙe takobi ba zai miƙa zoben Allah ba. Ya ƙara da cewa daga yanzu limamin coci ba zai zauna da mata ba, don kada coci ya zama gado kamar gona. Sarki ya ce sai dai a kan gawarsa. Paparoma ya ɗaure bakin ƙararrawar ƙasar gaba ɗaya, ya hana a yi wa mamaci addu'a a coci, har sai sarki ya sauko. Shekara uku ke nan kowa ya kafe.

A Gadar Arn wasu sojoji suka tare ni, ba tuta ba alama, da gangan, don kada ka san amsar da suke so. Babbansu ya ce, "Kai na zobe ne ko na takobi?" Na leƙa kogin, na ga hular wanda ya amsa kafin ni tana yawo a kan ruwa. Sai na kwance jakata na baje kayan aiki, na haɗa 'yan kalmomin da na tsinta a jirgi na ce, "Ranka ya daɗe, ni ke ƙera su duka biyun. Ban taɓa tambayar ƙarfe na wa zai zama ba." Suka bushe da dariya, na gyara musu linzamai uku, suka sake ni. Na daɗe ina alfahari da amsar nan. Yanzu in na tuna ta kunya nake ji.

A nan na ji cewa sirrin zubin ƙararrawa yana hannun masu zuhudu na Dutsen Hel, mutanen Paparoma, kuma ba a shiga gidansu sai da izinin wakilinsa. Na nufi birnin da wakilin yake ta hanyar duwatsu, ana gaya mini lokacin sanyi ya kawo kai, ina cewa na san sanyi. Ashe ban san shi ba. A rana ta biyar dusar ƙanƙara ta rufe hanya, ƙafafuna suka mutu, na zauna gindin wani dutse ina jin wani barci mai daɗi yana ɗibata.

Wata mata ce ta tsince ni, ta fito neman itace. Ta zubar da itacenta, ta ɗora ni a kan katakon da take ja, ta jawo ni har ƙauyen Dalmar. Sunanta Gisla, mace mai faɗin kafaɗa da furfura a goshi, mai faɗa kamar ta ari baki. Wata huɗu na yi a gidanta. Ita ta riƙa shafe mini ƙafa da kitsen agwagwa, ita ta koya mini harshensu da duka da ludayi in na karya kalma. Na ce mata Inna, ta ce mini ɗana. Maigidan kuwa Liman Bertol ne, limamin cocin ƙauyen, ɗan siriri mai ciwon kafaɗa, wanda ba ya gama magana sai ta ƙarasa masa. Tunda an hana addu'ar mamaci a coci, sai ya riƙa bin makoki cikin gonar itatuwa yana yi da raɗa, don ya ce ba zai iya kallon mutum an rufe shi kamar tunkiya ba.

Duk ƙauyen in baƙo na kusa "ƙanwar Liman" suke ce mata. Ni baƙo ne, amma ba makaho ba ne, kuma da suka ga na gane ba su ɓoye mini ba. Wata rana muna cin abinci Liman ya ce, "Jatau, shekara ashirin da biyu da aurenmu, tun kafin dokar. Sarki na kare irinmu don ya ƙuntata wa Paparoma, ba don yana sonmu ba. Ka riƙe bakinka."

Na ce, "Baba Liman, ko wuƙa aka sa mini."

Gisla ta ce, "Ba wuƙa nake jin tsoro ba, bakin nan naka da ba ya gajiya da yabon kansa."

Na lura tana yawan murza yatsanta na hagu. Da na tambaya ta ce ranar da dokar ta iso su biyun suka jefa zobban aurensu a rijiya. Ni kuwa ba ni da abin da zan saka mata da shi sai hannuna. Na narka munduwar mahaifiyata, na zuba zobba biyu. Na yi wa kowanne gurbi a gefe, yadda in aka haɗa su sai ɗaya ya shige cikin ɗaya su zama zobe guda, ba ka ganin mahaɗa. A ciki na buga alamata, sawun ƙadangare, don ban taɓa sakin aiki ba alama ba. Gisla ta juya nata, ta ce aikin banza ne, sa'an nan ta fita waje ta daɗe ba ta dawo ba. Kowannensu ya rataya nasa a wuya, ƙarƙashin riga.

Da ƙanƙara ta narke na yi sallama na gangara birnin Arnhol, inda wakilin yake. Na tarar da gari ya cika da murna, wai sarki da Paparoma sun shirya. Paparoma zai riƙa miƙa zobe da sanda, sarki kuma ya miƙa gonaki da garuruwa. Kowa ya sami abin da zai ce ya yi nasara. Abin da ba a yi shela da shi ba shi ne sarki ya janye hannunsa daga kan limamai masu mata, ya bar su kamar yadda ake barin takalmi a bakin rafi. Aka kira dukan limaman lardi zuwa Arnhol don bincike.

Na kai wa wakilin Paparoma, Gervan, wani ƙaramin kofi da na zuba don ya ga aikina. Kada ku zaci mugu ne, da ya fi mini sauƙi. Mutum ne da ba ya sa takalmi, ba ya cin nama, wanda ya gaya mini da idonsa ya ga an ba yaro ɗan shekara goma sandar bishop don ubansa abokin farautar sarki ne, aka mayar da coci ɗakin karnuka. Ya juya kofin, ya ga sawun ƙadangare. Sai ya ce a shigo da limamin Dalmar.

Aka shigo da Bertol. Bai dube ni ba.

Gervan ya ɗaga zobe a tsakanin yatsunsa, ya ce, "A wuyansa aka samu. Ya ce abin tunawa da mahaifiyarsa ne. Mutanen ƙauyensa duk bakinsu ɗaya, shi ya sa doka ba ta karɓar shaidarsu, sai ta baƙo wanda ba shi da dangi a cikinsu. Alamarka ce wannan?"

Na ce, "Tawa ce, ranka ya daɗe."

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Guda nawa ka zuba?" Ya bi gurbin da farcensa. "In ɗaya ne, to kai maƙeri ne mai yin gurbi a banza, ƙarfe ya kuɓuce maka, kuma Dutsen Hel ba ya karɓar irin wannan hannu. Ka ɗauki kofinka ka tafi, shi ma ya tafi. In kuwa biyu ne masu shiga juna, ban taɓa ganin aiki kamarsa ba, yau zan ba ka izini."

Na sha gaya wa kaina cewa gaskiya na faɗa, kuma mutum ba ya laifi don ya faɗi gaskiya. Amma na san abin da ya motsa harshena, kuma ba tsoron Allah ba ne. Na tuna Tekun Toka da dariyar mahaifina. Fiye da su duka, na kasa jurewa a ce ƙarfe ya kuɓuce mini. Na dubi ƙasa na ce, "Biyu ne."

Bertol ya ɗan gyara kafaɗarsa mai ciwo, shi ke nan. Aka fitar da shi. Ban tsaya jin hukunci ba, na karɓi izinina na fita da sauri kamar ɓarawon da ya ji tari. Daga baya na ji an bar masa cocinsa, Gisla kuwa an kore ta daga ƙauyen. Iyakar abin da na nemi sani ke nan, don na ji tsoron sauran.

Shekara bakwai na yi a Dutsen Hel. Na ga murhu mai cin itacen daji guda a zubi ɗaya, na ga narkakken ƙarfe yana gudu a kwata kamar ruwan damina. Na koyi awon jan ƙarfe da kuza, da kaurin leɓen ƙararrawa, da yadda ake sauraron lakar zubi a san ta bushe. A shekara ta bakwai na zuba ƙararrawar da aka ji daga tafiyar kwana uku, tsofaffin gidan suka sumbaci hannuna. Na sami abin da na zo nema, amma duk ranar da aka kawo miyar kabeji irin ta Gisla sai in ture akushin.

Sai labari ya zo cewa tsohuwar ƙararrawar Dalmar ta tsage, ana neman sabuwa. Na roƙa a aike ni. Na ce a raina ga ƙofar tuba ta buɗe, zan zuba musu abin da babu birnin da ke da irinsa, ko sa yafe mini. Aka haɗa ni da wani mai zuhudu, Odo, wanda ba ya rabuwa da ni ko taku ɗaya.

A Dalmar babu wanda ya amsa gaisuwata. In na doso rijiya mata su ɗauke tulunansu. Liman Bertol kaɗai ya tarye ni, ya tsufa ƙwarai, ya kama hannuna biyu ya ce sannu da hanya, abin da ya fi mini mari zafi. Da ya ga girman ramin zubin da nake haƙawa, ya saci kallon Odo, ya ce, "Ɗana, ƙarama ta ishe mu."

Na ce, "Haba Baba Liman, ai ba komai."

Kashegari ya sake cewa, "Jatau, mu 'yan ƙauye ne. Ƙarama ta ishe mu." Ranar zubi ma ya faɗa.

Kun san halinmu a nan. In mai masauki ya ce kada ka wahalar da kanka, kara yake yi maka, sai ka ninka. Da wannan kunnen na saurare shi. Sau uku dattijo ya roƙe ni a gaban mutumin da ba zai iya fayyace magana a gabansa ba, sau uku ina ƙara ƙarfe a wuta ina jin daɗin kirkina.

Aka rataye ƙararrawar, aka shafe ta da mai, aka yi mata addu'a. Da safe Liman ya kama igiya ya ja. Ban taɓa zuba kamarta ba, kafin nan ko bayan nan. Amonta ya cika kwarin, ya haura duwatsu, tsuntsaye suka tashi daga daji. Na juya ina neman fuskar da za ta yi murmushi, na ga mata suna kuka. Odo kuwa ya sa mahaya uku su bi hanyoyi, kowa da turken dutse, su kafa a inda amon ya ƙare.

Na tambayi Odo na mene ne turakan. Ya ce, "Ba ka sani ba? Ai kai ne shaida. Hukuncin matar nan shi ne ta zauna inda ba a jin ƙararrawar cocinsa."

Tsohuwar ƙararrawar ƙarama ce, amonta ba ya haura tudun da ke bayan ƙauyen. Shekara bakwai Gisla na zaune a wata bukka a bayan tudun nan, tafiyar da ba ta kai a dafa wake ba. Da safe takan hau ta ga hayaƙin gidansa ta san ya tashi lafiya, shi kuma ya ga farin zanen da take shanyawa. Wannan ne ya rage musu, kuma shi na zo da tubana na ƙwace.

Na hau hasumiya da guduma na kai wa ƙararrawar duka da iyakar ƙarfina. Guduma uku na karya. Ko gezau ba ta yi ba, sai ma ƙara kuka take, duk kwarin na ji. Odo ya tsaya a ƙasa ya ce in daina wahala, ko ta fashe turakan sun riga sun tafi.

Da hantsi na ga Gisla tana saukowa ta hanyar bayan gari da ƙunshi a ka. Na sha gabanta na durƙusa. Ta dube ni ta ce, "Ka iya aiki, Jatau. A cikin haƙorana na ji ta. Har ina take kaiwa?"

Na ce, "Kwana uku, Inna."

"To, huɗu ke gabana. Tashi ka ɗauki kayan nan, gwiwata ba ta da kirki."

Na ɗauka. Muka yi ta tafiya, tana gaba ina baya, ba ta zage ni ba, ni kuwa zagin nake roƙo a raina. Kowace safiya amon ya iso mu, sai ta tsaya cik. A rana ta biyu ta ce, "Ji shi. Ja biyu, sai ya huta. Kafaɗar nan ce, kuma na san ba ya shafa man da na aika masa." A rana ta uku amon ya zama siriri, sai ta cire ɗankwali ta karkata kai kafin ta kama shi. Da la'asar muka wuce turken dutsen, laka ba ta ma bushe a gindinsa ba.

Safiya ta huɗu ta same mu a gefen wani ƙauyen masu gawayi. Ta tsaya, ta cire ɗankwali, ta karkata kai. Muka daɗe a tsaye. Babu komai sai iska da kukan wata akuya. Ta mayar da ɗankwalinta ta ɗaure, ta ce, "Nan ne. Sauke."

Na sauke. Ta sa hannu a wuyanta ta ciro igiya ta miƙo mini zoben. Na ce ba zan karɓa ba. Ta ce, "Tagullar uwarka ce, mayar mata. Nasa yana wurin wakili, wannan kuwa gurbin banza ne yanzu." Ta kama hannuna ta danƙa mini, ta ce, "Ƙafafun nan, ka riƙa rufe su in sanyi ya zo." Ta ɗauki ƙunshinta ta shiga ƙauyen, ba ta waiwayo ba.

Ban koma Dutsen Hel ba. Na sake ratsa Tekun Toka, na iso Tudun Zuga na tarar mahaifiyata ta rasu, ba wanda zan mayar wa tagulla. Shekara arba'in ke nan ina zuba muku ludayi da munduwa da ƙarau, kuma in kun duba cikinsu ba za ku ga sawun ƙadangare ba. Sarki Otmar da Paparoma Maurin, na ji an ce, an binne su da girma, ƙararrawa na kuka a kansu.

Ga zoben nan a wuyana, ku miƙa wa juna ku gani, ku bi gefensa da farce. Baƙi sukan ɗauka su ce, "Malam Jatau, wannan fa ƙarfe ya kuɓuce maka." Ni kuwa in ce musu, e, ya kuɓuce mini, guda ɗaya na zuba. Amsar ke nan da ya kamata in bayar a Arnhol, ga ta ina ta bayarwa ga waɗanda ba ta amfana da komai.

Iyakar abin da na gani ke nan, iyakar abin da na aikata ke nan. Allah ya sa Inna Gisla ta yafe, ku kuma ku miƙo mini zobena, wuta na jirana.